Volkswagen Golf eHybrid: Sharhi Kan Motar da Ta Tsaya Tsakanin Fetur da Lantarki

Shekara 50 da 'yan kai bayan fitowarta, Golf ta kai matsayin da mai saye ba zai ce a ba shi Golf kawai ya kama hanya ba, domin sunan yanzu ya rufe motoci da dama waɗanda jikinsu ɗaya ne amma cikinsu ya sha bamban. Akwai mai fetur zalla, akwai mai dizal, akwai eTSI wadda aka ɗan tallafa wa injinta da ƙaramin batir, sannan akwai eHybrid da GTE waɗanda ake jona wa wuta a yi musu caji, kuma suna ɗauke da injin fetur a lokaci guda. Wannan sharhi ya fi mayar da hankali ne kan eHybrid da aka sabunta a 2024, saboda a kanta ne tambayar da ke damun masu sayen ƙananan motoci a yau ta fi fitowa fili: shin haɗa fetur da lantarki a mota ɗaya riba biyu ce, ko kuwa nauyi biyu?

Sai an tuna abin da ya sa Golf ta yi suna kafin a iya auna ta da adalci. A 1974 Volkswagen ta fito da ita domin ta gaji Beetle, kuma mai zanen motoci ɗan Italiya, Giorgetto Giugiaro, shi ya tsara siffarta. Beetle tana da inji a baya wanda iska ke sanyaya shi; Golf kuwa ta zo da inji a gaba wanda ruwa ke sanyayawa, an gicciye shi domin a samu fili, tayoyin gaba ke jan motar, bayanta a yanke ba wutsiya, da ƙofa ta biyar da ke ɗagawa sama tare da gilashinta, ta yadda wurin kaya ya haɗe da ɗakin fasinja. A 2002 yawan Golf da aka ƙera ya zarce na Beetle, kuma zuwa yanzu an sayar da fiye da miliyan 35. Sau biyu ta lashe kambin motar shekara ta Turai, a 1992 da 2013. Amma abin da ya riƙe ta duk tsawon wannan lokaci shi ne cewa da wuya a same ta ta gaza a wani fanni: akwai waɗanda suka fi ta gudu, akwai waɗanda suka fi ta araha, akwai waɗanda suka fi ta faɗi, sai dai da wuya a samu wadda ta haɗa komai daidai gwargwado kamar ita. Da wannan ma'auni nake son a duba eHybrid.

Volkswagen ba da son ranta kawai ta karkata ga lantarki ba. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa kamfanin ya sanya wa injinan dizal ɗinsa manhajar da ke rage hayaƙi a lokacin gwaji kaɗai, kuma daga baya kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi motoci kimanin miliyan 11 a duniya. Martabar dizal ta zube daga nan, ga kuma Tarayyar Turai tana ƙara matsa wa masu ƙera motoci da tara mai tsanani idan matsakaicin hayaƙin motocinsu ya wuce ƙa'ida, har ta kai ga dokar 2023 da ta nufi dakatar da sayar da sababbin motoci masu fitar da hayaƙi daga 2035, dokar da aka yi ta ja-in-ja kan sassauta ta. Kamfanin ya gwada sanya batir a jikin Golf ɗin da ake da ita, wato e-Golf, wadda aka yi daga 2014 zuwa ƙarshen 2020, amma batirinta, ko bayan an ƙara shi daga kilowat-awa 24.2 zuwa 35.8 (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka), bai isa tafiya mai nisa ba. Daga nan sai aka gina wata mota dabam tun daga tushe domin lantarki, ID.3, aka nuna ta a Furankfut a Satumban 2019, wata ɗaya kacal kafin a nuna Golf ta takwas, wato zubin da eHybrid ɗin nan take cikinsa.

Golf ta takwas ta shigo da ƙafar hagu. A watan Mayun 2020 an dakatar da miƙa ta ga masu saye na ɗan lokaci saboda matsala a manhajar kiran gaggawa, kuma ko bayan an gyara wannan, ƙorafi bai yanke ba kan allon taɓawa na dashbod da ke jan ƙafa da kuma yadda aka kwashe maɓallai aka mayar da komai na shafawa. Mafi muni shi ne 'yar sandar da ke ƙarƙashin allo, wadda ake goga yatsa a kanta domin ƙara sanyi ko ƙarar rediyo: ba a sa mata haske ba, don haka da dare direba sai ya yi ta lalube, idonsa rabi a hanya rabi a dashbod. Shugaban sashen motocin Volkswagen, Thomas Schäfer, da kansa ya fito ya sanar cewa za a dawo da maɓallai na gaske a kan sitiyari, abin da ya nuna cewa kukan jama'a ya isa inda ake so ya isa.

Sabuntawar 2024 ta gyara mafi yawan wannan. Allon ya ƙaru zuwa inci 10.4 ko 12.9, yana amsa taɓawa ba tare da jinkiri ba, an ajiye abubuwan da suka shafi sanyi da ɗumi a layin ƙasa inda kullum suke a bayyane, sandar nan ta samu haske, sitiyarin kuma ya dawo da maɓallan da yatsa ke jin dannuwarsu. Duk da haka ban gamsu gaba ɗaya ba, domin abin murɗawa guda biyu da sun fi wannan sanda sauƙi da aminci, kuma har yanzu wanda ya jingina hannunsa a gefen allo domin ya danna wani abu yana iya canza zafin ɗakin bai sani ba. An kuma ƙara mataimakin murya mai amfani da ChatGPT, wanda a ganina ado ne da ba zai sa kowa ya sayi motar ko ya fasa ba. Abin da ya fi waɗannan daraja shi ne zaman direba, wanda tun da can Golf ta ƙware a kai: kujera da sitiyari suna motsawa sosai har dogo da gajere kowa ya samu daidai da shi, ana ganin hanya ta kowane ɓangare, kuma manya biyu za su zauna a baya ba tare da gwiwa ta tokare ba, ko da yake na uku a tsakiya zai takura.

Kafin a kai ga eHybrid, ya kamata a kawar da wani ruɗani game da eTSI, domin dillalai sukan kira ta mai haɗin fetur da lantarki, kuma mai saye yana iya zaton ya samu abin da bai samu ba. Abin da ke cikinta ƙaramin batir ne mai bolt 48 da wata na'ura da ke tayar da inji, tana kuma ɗan tura shi a lokacin tashi. Motar ba ta tafiya da lantarki kaɗai ko na mita ɗari. Amfaninta shi ne injin yana mutuwa ya tashi a cunkoso ba tare da girgiza ba, yana kuma iya kashe kansa idan aka ɗaga ƙafa daga totur a kan miƙaƙƙiyar hanya, motar ta ci gaba da gangarawa. Ana samun ɗan ragin shan mai, kuma tuƙinta yana da daɗi, amma motar fetur ce, kuma a haka ya kamata a saye ta.

Ita eHybrid lissafinta dabam ne. Tana da injin fetur mai lita 1.5 da turbo, da injin lantarki da aka cusa a cikin akwatin giya mai canza kanta, wato DSG, mai hawa shida, kuma idan suka haɗu suna ba da ƙarfin doki 204. GTE, wadda aka gina a kan tsari ɗaya amma aka ƙara mata zafi, tana ba da 272. Babban sauyin yana ga batir. Na da yana ɗaukar kilowat-awa 13 ne gaba ɗayansa, kuma tafiyarsa a takarda kimanin kilomita 70 ce, wadda a zahiri takan ragu sosai. Na yanzu yana ba da kilowat-awa 19.7 da za a iya amfani da su, kuma a ma'aunin gwajin Turai na WLTP yana kai motar kusan kilomita 140 ba tare da injin fetur ya tashi ba. Ba wanda zai samu wannan adadi kullum, musamman a kan babbar hanya ko a lokacin tsananin sanyi da na'urar ɗumama ɗaki ke cin wuta, amma direban da ke tausaya wa totur yana iya sa ran abin da ya kai kilomita 100 ko ya ɗan haura. Wannan tazara ce ta canza matsayin motar, domin batirin da take da shi a baya yakan ƙare ne kafin a gama zirga-zirgar yini, na yanzu kuwa ya isa mafi yawan mutane su je aiki, su biya kasuwa, su ɗauko yara, su dawo gida da saura. Abin lura ma shi ne cewa wannan batir bai yi nisa sosai da na e-Golf ta farko ba, wadda ba ta da injin fetur ko kaɗan.

An gyara caji shi ma. A da motar ba ta karɓar fiye da kilowat 3.6, yanzu tana karɓar 11 daga na'urar bango, wadda ke cika batir cikin kimanin awa biyu da rabi, kuma a karon farko tana iya amfani da tashoshin caji mai sauri, inda take tashi daga kashi 10 zuwa 80 cikin ɗari a ƙasa da rabin awa. Soket na gida ma yana yi, sai dai zai ci dare guda. Ramin cajin yana gefen hagu, tsakanin tayar gaba da ƙofar direba, wanda ke nufin a wasu tashoshin sai an shiga da gaba kafin wayar ta kai.

A kan hanya motar tana tashi da lantarki muddin akwai caji. Ana danna maɓalli, fitilun dashbod su kama, ba ƙara ba girgiza, a tura ɗan guntun abin giyar nan da bai wuce tsawon babban yatsa ba, sai ta zame ta fita, ba a jin komai sai ƙarar taya a kan kwalta da wani ɗan sautin da doka ta wajabta domin masu tafiya a ƙasa su san tana zuwa. Tana amsa totur nan take, kuma a cikin gari ba a rasa ƙarfi. Mai kunne zai ji giyar tana canzawa ko da lantarki ake tafiya, abin da ba a samu a mafi yawan motocin lantarki zalla, amma sauyin yana da laushi. Idan aka taka sosai domin wuce wata mota, injin fetur yakan shigo, wani lokaci da ɗan jinkiri na ƙiftawar ido yayin da giya da injina biyu ke daidaita kansu. Daga nan kuwa tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa bakwai da 'yan kai, wanda ya wadatar da duk mai hankali. Birkin yana fara ne da mayar da ƙarfin gudu zuwa batir kafin faifan birki su kama, kuma wurin haɗuwar biyun yakan sa ƙafa ta ji wani ɗan bambanci a daidai lokacin tsayawa, har sai mutum ya saba.

Inda ake biyan kuɗin wannan duka shi ne nauyi da wurin kaya. Motar ta fi 'yar'uwarta mai fetur nauyi da abin da ya kusa kilo 300, kamar a ce kullum tana ɗauke da manya huɗu da ba sa sauka. A miƙaƙƙiyar hanya nauyin ma yana ƙara mata natsuwa, amma a kwana mai tsanani ko a kan gargada ana jin sa, kuma wannan sauƙin juyi da aka san Golf da shi ya ɗan dushe. Sannan da yake batir ya mamaye ƙarƙashin kujerar baya, an tura tankin mai zuwa ƙarƙashin but, sai wurin kaya ya ragu daga lita 381 zuwa 273. Adadin ba ya nuna girman abin sai an ɗaga ƙofar baya: daben ya taso kusan daidai da bakin ƙofa, zurfin nan da ake cusa jaka a tsaye ya tafi, ga kuma wayar caji a naɗe cikin jakarta tana cin nata rabon. Keken jariri ɗaya da 'yan ledoji sun cika shi. Ga motar da sunanta ya ginu a kan ɗaukar iyali da kayansu, wannan rashi ne na gaske, kuma duk mai shirin saye ya je da akwatin da ya saba tafiya da shi ya gwada.

Babban sharaɗin kuwa ba a jikin motar yake ba, yana gidan mai ita. A watan Maris na 2024 hukumar zartarwa ta Tarayyar Turai ta fitar da rahoto daga bayanan na'urorin auna shan mai da ke cikin motocin da aka yi wa rajista a 2021, inda aka ga cewa motoci masu caji da fetur suna fitar da hayaƙin da ya ninka na gwaji sau uku da rabi a matsakaici. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: mutane da yawa ba sa yi musu caji yadda aka zata, musamman waɗanda kamfani ya ba su motar saboda rangwamen haraji, yana kuma biya musu kuɗin fetur. Golf eHybrid da batirinta ya ƙare ba ta zama mashayiyar mai ba, domin tana ci gaba da tara ɗan caji daga birki tana amfani da shi, amma a doguwar tafiya ba ta fi eTSI tattali ba, alhali an biya kuɗi mai yawa a kanta, an kuma rasa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na but. Adadin shan man da ake bugawa a takardar talla, wanda ya kan yi ƙasa ƙwarai har ya ba da mamaki, an same shi ne da cikakken batir, kuma ba shi da ma'ana ga wanda ba ya caji.

Saboda haka wanda ke ajiye motarsa a bakin titi, ba shi da soket a gida ko a wurin aiki, ya fi masa ya dubi Toyota Corolla mai yankakken baya, wadda ake ƙerawa a Burnaston ta Ingila. Tsarinta ya samo asali ne daga Prius ta 1997: ƙaramin batir da ke cika kansa, ba a jona shi ko'ina, kuma a cunkoson gari yana rage shan mai ƙwarai ba tare da direba ya yi komai ba. Bayanta ya fi na Golf matsi, injinta yakan yi kuka idan aka matsa masa, amma ba ta neman mai ita ya canza ɗabi'arsa. A ɗaya gefen kuma, wanda yake da wurin caji kuma ba kasafai yake doguwar tafiya ba, ya kamata ya tambayi kansa me zai yi da injin fetur tun farko. ID.3 tsawonta kusan ɗaya da Golf, amma da yake ba inji a gaba, an nisanta tayoyin gaba da na baya, ɗakin ya fi faɗi, but ɗinta lita 385 ne, tayoyin baya ke tura ta don haka tana juyawa a ƙaramin fili, kuma mai babban batir tana wuce kilomita 500 a ma'aunin gwaji. Ga kuma MG4 daga Sin da Renault Megane ta lantarki suna neman wannan mai saye ɗin.

Batun gyara ma abin dubawa ne ga wanda zai riƙe mota shekaru da yawa. Motar lantarki zalla ba ta da man inji, ba fulogi, ba salansa. Motar fetur zalla ba ta da babban batir da na'urorin da ke sarrafa wutarsa. eHybrid tana da duka biyun, don haka za a ci gaba da juyen mai a kan lokaci ko da injin bai yi aiki sosai ba, kuma ɓangaren babbar wutar ba aikin kowane bakanike ba ne, sai wanda aka horar, yake da kayan aikin. Volkswagen tana ba batirin garantin shekara takwas ko kilomita 160,000, duk wanda ya riga zuwa, wanda ya isa ya kwantar da hankalin mai saye na farko. Mai saye na biyu ko na uku kuwa ya nemi takardar gwajin lafiyar batir kafin ya biya.

Akwai kuma tambayar inda ita kanta Golf ta dosa. Ta riƙe matsayin motar da aka fi saya a Turai daga 2008 har 2021, sannan Peugeot 208 ta karɓe a 2022, Tesla Model Y a 2023, Dacia Sandero a 2024. Jama'a sun koma wa motoci masu tudu, har Ford ta daina ƙera Fiesta a 2023, ta bi da Focus, babbar abokiyar hamayyar Golf, a 2025. Kasuwar lantarkin ma ba ta tafi yadda aka tsara ba, musamman bayan gwamnatin Jamus ta yanke tallafin sayen motocin lantarki ba zato a Disambar 2023. A Disambar 2024 Volkswagen ta cimma yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago ta IG Metall kan rage ma'aikata fiye da 35,000 a Jamus zuwa 2030, da mayar da ƙera Golf mai inji daga Wolfsburg, cibiyar kamfanin a Jamus, zuwa Puebla ta Meziko daga 2027, domin a share wa Golf ta lantarki fili a Wolfsburg. Ma'anar wannan ga mai saye ita ce Golf ta takwas za ta daɗe a kasuwa fiye da yadda magabatanta suka saba, don haka kayan gyara da masu gyara ba za su yi wuya nan kusa ba.

Hukuncina shi ne eHybrid ta 2024 ita ce Golf mafi dacewa da wani rukuni na mutane da ba shi da wuyar ganewa: mai mota ɗaya tak a gida, wanda ke da soket inda take kwana, zirga-zirgarsa ta yini ba ta kai kilomita 100 ba, amma lokaci-lokaci yana yin tafiyar da ba ya son ya tsara ta bisa inda tashoshin caji suke. Irin wannan mutum zai yi makonni bai shiga gidan mai ba, kuma ranar da tafiyar ta taso zai cika tanki ya wuce. GTE ban ga dalilin ƙarin kuɗinta ba, domin nauyin da take ɗauke da shi ya hana ta zama kamar GTI, wato Golf mai fetur zalla da aka gina domin gudu, mai son zafin tuƙi kuwa GTI ɗin zai nema. Wanda kuma ba shi da wurin caji, ko yake da yara ƙanana da kayansu, eTSI mai ƙarfin doki 150 za ta fi yi masa hidima da cikakken but ɗinta, kuma kuɗin da ya rage a hannunsa zai daɗe yana sayen fetur.